Kek Mai Kirfa Na Karin Kumallo: Me Ya Sa Barbaɗen Samansa Ke Nutsewa?

"Assalamu alaikum Anti. Ina yin kek na biki da na suna, kuma alhamdulillahi yana yi mini kyau. Kwanakin baya wata 'yar uwarmu da ke zaune a Amurka ta zo hutu, ta yi mana wani kek da safe mai kirfa a tsakiya, samansa kuma da wani garin sukari mai ƙaras-ƙaras. Ta ce a can da gahawa ake cinsa. Bayan ta koma na gwada da kwaɓina na kullum, mai madara da botar roba, na barbaɗa kirfa da sukari a tsakiya, na murza garin saman da hannu. Da na fitar, garin ya narke ya shige ciki, kirfar ta taru a gindin gwangwani ta yi danƙo, gefe ya ƙone, tsakiya kuma bai gasu ba. Obin ɗina na gas ne marar lamba. Ina kuskuren yake? Sai an sa gahawa a ciki ne? Kuma kirfar da muke saye a kasuwa za ta yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayoyinki uku ne a haɗe: abin da ya rusa kek ɗin, batun gahawa, da batun kirfar kasuwa. Biyun ƙarshe ba su da wuya. Ta farkon ce mai aiki, amma yadda kika zayyana abin da ya faru ya isa a gano inda gizo ke saƙa. Hannunki lafiya lau yake. Kwaɓin da kika ɗauko ne ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, zafin kicin ɗinki kuma ya gama da barbaɗen tun kafin ya ga wuta. Wannan kek bota biyu yake so a lokaci ɗaya: mai laushi a cikin kwaɓi, mai sanyi da tauri a cikin barbaɗen sama. Wadda ta riƙe wannan ta gama da mafi yawan wahalarsa.

Inda ya fito

Gahawa ta shiga Turai a ƙarni na 17, Jamusawa kuma suka mayar da shanta da ɗan abin zaƙi a gefe al'adarsu ta lokacin la'asar. Abin da suke ci da ita a da, kwaɓin yis ne mai kama jiki, kusan burodi mai zaƙi, a barbaɗa masa haɗin fulawa da bota da sukari da suke kira streusel. Yankin Silesiya, wanda mafi yawansa ke cikin ƙasar Poland a yau, ya yi suna a kansa. Jamusawa da mutanen Holan da na Sikandinabiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman a ƙarni na 19, su suka tafi da shi can. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa bekin fauda saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis, kuma da irin wannan hoda ta yaɗu, matan Amurka suka bar jiran kwaɓi ya tashi, suka koma yin sa da sauri don a ci da safe.

Na kawo miki wannan ne saboda ya taɓa matsalarki kai tsaye. Kwaɓin yis mai tauri ne, duk abin da aka ɗora masa zai zauna. Da aka koma bekin fauda sai ya zama dole a nemo kwaɓi mai kaurin da zai riƙe barbaɗen, shi ya sa wani shahararren nau'insa a Amurka ake yin sa da kirim mai tsami maimakon madara mai ruwa.

Gahawa kuwa ba ta shiga cikinsa ko kaɗan, abokiyar ci ce kawai, kuma shayi mai madara ko baƙin shayi mai citta ya tsaya a madadinta sarai. Turawan Ingila suna da nasu kek ɗin da ake zuba gahawar a cikin kwaɓi, sau da yawa da goron walnut. Wannan wani abu ne daban, kada ki rikita su idan kina duba girke-girke, don duka biyun coffee cake ake kiransu da Turanci.

Kwaɓin da zai ɗauki nauyi

Ki tuna abin da ke faruwa a mintunan farko a cikin obin. Bota na narkewa, sukari na narkewa, kwaɓin yana ƙara ruwa fiye da yadda ya shiga, kuma sai can daga baya ƙwai da fulawa suke kama jiki su tsayar da shi. A wannan tsakanin duk abin da ya fi kwaɓin nauyi ƙasa yake yi. Sukari da kirfar da kika shimfiɗa a tsakiya sun narke sun zama ruwan zaƙi mai nauyi, ba su sami abin da zai tare su ba, suka gangara gindin gwangwani. Danƙon da kika gani ke nan. Kwaɓin kek ɗin biki, wanda ake tsiyayawa cikin gwangwani ya baje da kansa, ba zai taɓa tare su ba. Na wannan kek ba a tsiyaya shi. Idan kika ɗebo da cokali kika kifa, sai kin girgiza hannu kafin ya faɗo, a gwangwani kuma sai kin bi shi da bayan cokali kin shimfiɗa.

Ga awon da nake aiki da shi, na gwangwani mai kusurwa huɗu, santimita 23 kowane gefe. Fulawa giram 250, bota giram 115, farin sukari giram 180 zuwa 200, manyan ƙwai 2, kindirmo mai kauri ko yogot marar sukari giram 240, bekin fauda cokalin shayi 1, bekin soda rabin cokalin shayi, gishiri rabin cokalin shayi, sai banila cokalin shayi 1. Ni a 180 nake tsayawa da sukari, tunda tsakiya da sama duk sukari ne, kuma abin da za a ci da safe bai kamata ya gundiri mutum a loma ta uku ba.

Idan kina da sikeli, ki yi amfani da shi. Kofin awo mai mililita 240 yana ɗaukar fulawa giram 120 zuwa 125 idan da cokali aka zuba aka share bakin, amma idan aka luma kofin cikin buhu aka danno, yana iya kaiwa 150. Gwangwanin madara da muka saba awo da shi kuma bai kai wannan kofin ba. Ƙwan kajin gida ma ƙanana ne. Babban ƙwai ba tare da ɓawo ba yana kusan giram 50, to idan naki ƙanana ne ki fasa uku.

Bari in daɗe kaɗan a kan kindirmo, don shi ne ginshiƙin kwaɓin. Aiki uku yake yi. Kaurinsa yana jiƙa fulawa ba tare da ya tsinka kwaɓin ba. Tsaminsa yana haɗuwa da bekin soda ya fitar da iskar da ke ɗaga kek, shi ya sa ba a cire sodar a ce fauda ta isa. Tsamin kuma yana tausasa cikin kek ɗin, ya kwana bai bushe ba. Kirim mai tsami na Amurkawa maiƙonsa yana kusan kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, kindirmonmu bai kai nan ba kuma ya fi ruwa, saboda haka sai an ɗan yi masa dabara. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki juye kindirmon, ki bar shi awa ɗaya zuwa biyu a wuri mai sanyi ruwan ya ɗige, sannan ki auna giram 240 daga abin da ya rage. Ki ƙara babban cokali ɗaya na man gyaɗa marar ƙarfin ƙamshi a kwaɓin don cike gurbin maiƙon. Nonon da aka sirka da ruwa, da yogot ɗin sha na roba mai sukari da ɗanɗanon 'ya'yan itace, duk ba za su yi ba.

Botar robar da kika ambata ma tana da hannu a ciki. Bota ta gaskiya maiƙonta kashi 80 zuwa 82 ne cikin ɗari. Yawancin masu laushin nan da ake shafa wa burodi an rage musu mai an ƙara ruwa don su shafu da sauƙi, kuma ruwan nan cikin kwaɓinki yake ƙarewa. Ki duba jikin robar ko takardar. Idan maiƙon ya kai kusan 80, ko majarin ce ta gashi, za ta yi aiki, sai dai ƙamshin ba zai kai na bota ba. Idan ya yi ƙasa sosai, ki bar wa burodi.

Haɗin kansa kin san shi. Ki buga bota da sukari har su yi haske su tashi, minti 3 zuwa 4 da na'ura, da muciya kuwa ki ba shi kusan minti 10. Botar ta kasance yatsa na lotsa ta amma ba ta sheƙi ba, ba ta tsiyaya. A ma'auni wajen digiri 18 zuwa 20 ke nan. Wadda ta fara narkewa ba ta riƙe iska komai daɗewar bugu. Ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya, kowanne ya shige kafin na gaba. Ki tankaɗe fulawa da fauda da soda da gishiri tare, ki zuba kashi ɗaya cikin uku, ki bi da rabin kindirmo, haka har su ƙare da fulawa. Daga nan da hannu za ki juya, a hankali, kuma da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa ta jiƙa yana tayar da danƙon alkama, kek ya fito da tauri da dogayen ramuka. Idan fulawarki irin ta masu burodi ce mai ƙarfi, ki cire manyan cokula 3 daga ciki ki mayar da garin sitacin masara.

Sai zanen tsakiya, wanda shi ne kwalliyar kek ɗin idan an yanka. Jan sukari giram 60, kirfa cokalin shayi 2, da fulawa babban cokali 1. Wannan cokalin fulawar kada ki raina shi, shi ke shanye sukarin idan ya narke ya hana shi gudu. Ki shimfiɗa kashi biyu cikin uku na kwaɓin a ƙasa, ba rabi ba, don ƙasan ya yi kauri. Ki barbaɗa haɗin sirara, ki bar kusan santimita ɗaya a kewaye bai taɓa jikin gwangwani ba, in ba haka ba sukarin zai manne ya ƙone a gefe. Sauran kwaɓin kada ki juye shi wuri ɗaya ki ce za ki ja shi, zai kwashe kirfar ya cakuɗa. Ki ɗiɗɗiga shi cokali-cokali a ko'ina, ki jiƙa bayan cokali da ruwa, ki haɗe su a hankali. Ko an ɗan ga kirfa ta wasu wurare ba komai, barbaɗe zai rufe.

Barbaɗen sama da zafin gari

A nan ne girke-girken da aka rubuta a ƙasashen sanyi suke barin mu a hanya, don ba su san kicin ɗin da ya haura digiri 35 da hantsi ba. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35. Jikin mutum 37 ne. A watan Maris da Afrilu, a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, iskar ɗaki kaɗai ta isa ta narkar da ita, balle an sa ta a tafin hannu ana murzawa. Abin da ake so shi ne ƙananan dunƙulen fulawa da sukari da bota ta ɗaure, su shiga obin da sanyinsu, wuta ta busar da bayansu su kafe kafin botar ciki ta gama narkewa. Idan sun shiga a narke, man zai tsiyaye cikin kwaɓi ya ja sukarin ya bi shi, ki fito da sama mai santsi da maiƙo.

Awon shi ne fulawa giram 125, jan sukari giram 100, bota mai sanyi giram 85, kirfa cokalin shayi 2, da ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu. Ki lura fulawa ta fi sukari, ta fi bota. Masu koyo da yawa da suka zo wurina da irin kukanki, idan na tambayi awonsu sai in tarar sukari da bota ne suka rinjayi fulawa, wai don ya fi daɗi. Irin wannan ko a firiza ya kwana sai ya narke.

Shi za ki fara yi kafin ki taɓa kwaɓi. Ki haɗa busassun kayan, ki yayyanka botar ƙanana, ko ki daskarar da ita ki gurza a abin gurza kuɓewa kai tsaye cikin garin. Ki bi da cokali mai yatsu ko kan yatsunki kawai, da sauri, ba tafin hannu ba. Ki tsaya idan ya yi washar-washar kamar dambu mai kyau, wanda idan kin damƙa zai dunƙule, kin taɓa kuma ya warware. Sai ki damƙa wani sashe da gangan ki fasa shi manya-manya, don a samu manya da ƙanana. Manyan su ne ake wawaso a faranti. Ki sa a firiji har sai kwaɓi ya shiga gwangwani. Wajen zubawa ki fara daga gefe ki ƙare a tsakiya, kuma ki rage wa tsakiyar kauri, tunda nan ne ya fi jinkirin gasuwa. Kada ki danna.

Idan babu wutar lantarki fa? Hanya biyu ce. Ki sa kwanon barbaɗen cikin kula mai ƙanƙara, a rufe don kada ruwa ya taɓa shi. Ko ki bi hanyar masu kek ɗin birnin New York, da ke narkar da botar tun farko: ki narkar da giram 85 ɗin, ki juya sukari da kirfa da gishiri a ciki, ki zuba fulawa amma ki kai ta giram 150, ki haɗa ya zama dunƙule ɗaya mai tauri, ki danne shi a kwano ya huce sarai, sannan ki farfasa da yatsa a kan kwaɓin. Ƙarin fulawar ke riƙe shi a madadin sanyi. A lokacin zafi wannan nake koya wa ɗalibaina, don ba ta ba da kunya. Soyayyen man shanu ma yana shiga wannan hanyar. Shi zallan mai ne babu ruwa, saboda haka giram 70 ya isa, kuma ƙamshinsa da kirfa suna jituwa ƙwarai, in dai mutanen gidan masu son sa ne.

Jan sukarin da ake sayarwa a manyan kantuna farin sukari ne da aka bar masa ko aka mayar masa da baƙin ruwan rake, shi ke ba shi laima da ɗanɗano mai zurfi. Idan ya yi tsada ko bai samu ba, mazarƙwaila na nan, irin wadda ake dafawa a yankunan rake kamar Maƙarfi. Ki zaɓi busasshiya mai tauri, ki gurza ko ki daka, ki tankaɗe a rariya mai faɗin ido don a raba ta da ɓurɓushin rake ko tsakuwa. Ta fi jan sukari laima da ƙarfin ɗanɗano, to ki yi rabi ita rabi farin sukari. A ganina ta fi na kantin daɗi a wannan kek. Amurkawa kan sa goron pecan ko walnut a barbaɗen; soyayyar gyaɗa marar gishiri ko yazawa, a farfasa, cikin tafi ɗaya, ta wadatar.

Kirfar kasuwa

Za ta yi, har ma ita ce ta fi kusa da abin da kika ɗanɗana. Kirfa iri biyu ce a kasuwannin duniya. Akwai ta Siri Lanka, wadda Turawan Fotugal da na Holan da Ingilishi suka yi ta karɓe tsibirin daga hannun juna suna riƙe cinikinta; ɓawonta siriri ne, an naɗe da yawa cikin juna, launinta ya fi haske, tana karyewa a yatsa, ƙamshinta mai sanyi. Akwai kuma kasiya, daga Sin da Biyetnam da Indunusiya, ɓawo ɗaya mai kauri da tauri, ja mai duhu, da ɗan yaji a harshe. Mai kaurin nan da masu kayan ƙamshi ke sayar mana don shayi kasiya ce, kuma ita ce mafi yawan abin da Amurkawa ke zubawa a gashinsu. Ƙarfinta yana tsallake wuta da bota da sukari bai ɓace ba. Idan ta Siri Lanka kika samu, ki ƙara rabin awon a kai.

Na fi son ki sayi ɓawon ki niƙa da kanki, don garin da ya daɗe a buɗe a rana ƙamshinsa ya tafi, wani ma an sirka shi. Ki karkarya ɓawon, ki daka a turmin da bai taɓa yaji ko daddawa ba, ko ki niƙa a ƙaramin injin kayan ƙamshi, ki tankaɗe sau biyu a rariya mai laushi. Kasiya tana da taurin kai, kuma ɓurɓushinta a haƙori yana ɓata kek. Ki murza ɗan garin a yatsa ki shinshina; idan sai kin kai hanci kusa kafin ki ji, ya tsufa.

Kasiya tana ɗauke da wani sinadari, kumarin, wanda yawansa a kullum na tsawon lokaci kan wahalar da hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Kek ɗinmu cokalin shayi 4 ne aka raba wa yanka 12, ba abin tayar da hankali ba ne ga mai ci jefi-jefi. Masu shan cokali-cokali kullum da sunan magani su ya kamata su kula. Kuma kada kowa ya ce miki kirfar ciki ta sa kek ɗin ya dace da mai ciwon sukari. Sukarin da ke cikinsa ya haura giram 300. Wannan magana tsakanin mai ciwon ce da likitansa, ba ta mai gashi ba.

Wuta

Gefe ya ƙone tsakiya ɗanye, wuta ce ta yi yawa, wataƙila kuma gwangwanin ya yi zurfi. Wannan kek a digiri 175 zuwa 180 ake gasa shi, lamba 4 a obin ɗin gas mai lamba, minti 40 zuwa 50. Tunda naki ba shi da lamba, ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa cikin obin zai fi miki amfani fiye da kowane sabon gwangwani. Kafin ki same shi, ki kunna obin minti 15 kafin lokaci, ki rage wutar zuwa ƙasa da matsakaici, ki gwada da cokalin fulawa a faranti: idan ta yi ruwan zuma a hankali cikin kusan minti 5 zuwa 7 kin kusa daidai, idan ta yi baƙi kafin nan wutar ta yi yawa. Obin ɗin gas daga ƙasa yake duka, saboda haka ki sa kek a tsakiya, ki ajiye wani faranti na ƙarfe babu komai a layin ƙasa ya tare harshen wutar.

Gwangwanin ya zama mai faɗi, zurfinsa kusan santimita 5, kwaɓi da barbaɗe kada su wuce kashi biyu cikin uku. Dogon gwangwanin kek ɗin biki ba nasa ba ne. Ki shafa mai, ki shimfiɗa takardar gashi ta fito ta gefe biyu, don da ita za ki ɗago shi; wannan kek ba a kifa shi, barbaɗen zai zube. Kada ki buɗe obin kafin minti 30. Idan sama ya yi ja tsakiya na rawa, ki ɗora takardar foyil sako-sako ki ci gaba. Wajen gwaji da tsinke ki soka wuri biyu ko uku, saboda tsinken da ya ratsa zanen kirfa zai fito da danshi ko kek ya gasu. Ɗanyen farin kwaɓi kike nema a jikinsa, ba jan sukari ba.

Wadda ba ta da obin za ta iya yi a babbar tukunya. A zuba yashi mai tsabta ko gishiri kauri yatsa biyu, a ɗora abin da zai ɗaga gwangwani kada ya zauna a kai, a rufe a zafafa minti 15, a gasa da ƙaramar wuta. Matsalar tukunya ita ce tururi, yana taruwa a murfi ya ɗiga, barbaɗen ya yi laushi. Maganinsa murfin ƙarfe marar hannun roba, a ɗora masa ɗan garwashi a mintuna 15 na ƙarshe. Zafin sama yana hana ruwa taruwa, ya kuma ba barbaɗen launi. A tukunya rabin awo ya fi gasuwa da kyau.

Bayan ya fito ki ba shi minti 20 zuwa 30 kafin wuƙa. Sukarin tsakiya yana nan a narke, idan kin yi gaggawa yankan zai rabe biyu.

Don ya riski karin kumallo, ki yi barbaɗe da haɗin tsakiya da tatar kindirmo tun dare, ki tankaɗe busassun kaya ki rufe. Kwaɓin dai sai da safe, saboda soda tana fara aiki da zarar ta haɗu da tsami, idan ya kwana ƙarfinsa ya tafi. In kuma safiyarki ba ta da sarari, ki gasa da dare, da safe ki mayar obin minti 8 zuwa 10 barbaɗen ya dawo da ƙaras ɗinsa. A rufe yana kwana 2 a lokacin zafi, 3 da hunturu. Firiji yana busar da shi. Idan ajiya mai tsawo ce ki yanka ki naɗe ki sa a firiza, zai kai wata 2.

Abin da ba zan iya yanke miki daga nan ba shi ne minti nawa obin ɗinki zai ci, don kowane obin marar lamba da halinsa, kindirmon kowace mai nono kuma da kaurinsa. Ki fara da rabin awo a ƙaramin gwangwani, ƙwai ɗaya, ki fara dubawa daga minti 25, ki rubuta inda kika tsayar da makunnin gas da lokacin da ya gasu. Idan kwaɓi ya yi kauri, barbaɗe ya shiga da sanyi, amma tsakiya ya sake lotsawa, to ki gwada kayan tashinki: rabin cokalin fauda a ruwan zafi, rabin cokalin soda a ruwan lemun tsami. Wanda bai yi kumfa nan take ba ya mutu, ki sayo sabo kafin ki sake fasa ƙwai.